Ƙiwa, yaye da kunyar ɗan fari: likitan yara ya amsa tambayoyinku

Tambaya daga wata uwa a karkarar Ringim: Likita, ɗana watansa 9. Da kowa yana ɗaukarsa, yanzu ko kakarsa ce ta miƙo hannu sai ya tsandara ihu ya ƙanƙame ni. Ana cewa ni na ɓata shi.

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki ɓata shi ba, ƙiwa ce, kuma lokacinta ne ya yi. Takan fara tsakanin wata 6 zuwa 9, ta yi ƙarfi daga wata 10 zuwa 18, ta lafa wajen shekara 2 zuwa 3. Ƙwaƙwalwarsa ce ta kai ga bambance nasa da baƙo. Ya gane idan kin fita kina can wani wuri, amma bai san za ki dawo ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa gida, shi ya fara shimfiɗa bayanin cewa yaro na buƙatar shaƙuwa da wani babba tsayayye kamar yadda yake buƙatar abinci. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta bi gidaje a ƙauyukan Yuganda a 1954 da 1955, daga baya ta ci gaba a Amurka. Ta ga cewa yaron da ake amsa kukansa da wuri shi ke sakin jiki ya tafi wasa, yana waiwayen uwarsa jifa-jifa. Don haka ba kukan rabuwa muke dubawa ba, dawowarki muke dubawa: idan kin ɗauke shi ya lafe a jikinki, ya yi shiru cikin 'yan mintoci, ya koma wasa, lafiya lau.

Kada ki riƙa sulalewa yana wasa, hakan ke sa ya ƙi sakinki ko nan da can. Ki ce masa kin tafi, ki fita. Fara da minti 5, sai 15, a ƙara a hankali. Kaka kuma ta zauna ta yi masa wasa yana cinyarki kafin ta karɓe shi, a goya shi da zanen da ya saba da ƙamshinsa.

Wanda ya fi damuna shi ne yaron da ake yabo wai ba ruwansa da kowa: ba ya kallon ido, ba ya murmushi, ya shekara ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. Wannan a kai shi asibiti a duba jinsa, a auna damtsensa ko tamowa ce.

Tambaya daga wani magidanci a Sumaila: Yaronmu watansa 17, sai ga ciki. Iya ta ce a shafa maɗaci a nono a kai mata shi yaye kafin ya sha ciki. Tana wani gari.

Amsa: Malam, nonon mai ciki ba ya zama guba. Idan cikin lafiyayye ne, ba zubar jini, ba tarihin ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma tana samun abinci isasshe, za ta iya ci gaba da shayarwa. Ta faɗa wa ma'aikaciyar awo ta duba ta.

Abin da ke kayar da yara a irin wannan yaye shi ne a rana ɗaya an raba yaro da nono, da bayan da ake goya shi, da ɗakin da ya sani. Sai ya ƙi abinci, ya daina wasa. Ga sabon ruwa da sabon abinci, ga kariyar da nono ke ba shi ta yanke, sai gudawa, sai rama. A ce ai ciki ya sha, alhali rabuwar ce da yunwa.

Idan an yanke shawarar yaye, a ba shi mako 3 zuwa 4. A janye shayarwa ɗaya duk bayan kwana 3 ko 4, a fara da ta rana, ta kwanciya barci ita ce ta ƙarshe. Duk wadda aka janye a maye gurbinta da abinci da goyo. Yaron da ya bar nono a wannan shekaru yana buƙatar ci sau 4 zuwa 5 a rana, a kwanonsa shi kaɗai, wani na zaune da shi: kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya, ƙwai, wake, miyar zogale da manja, da kofi 1 ko 2 na madarar shanu da aka tafasa. Kunu tsararo cika ciki kawai yake yi. Kada a yi yaye yana ciwo ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba.

In zuwa wurin Iya ya zama dole, a roƙe ta ta zo ta yi mako guda tukuna ya saba da ita, kuma uwar ta riƙa zuwa. Ranar da ya dawo yana iya kau da kai ya ƙi ta. Bai manta ta ba, fushi ne. Ta yi haƙuri ta ja shi a jiki. Idan nono ya cika ya yi tauri ta tatse kaɗan, in ya yi ja da zazzaɓi sai asibiti.

Tambaya daga wata amarya a Gwaram: Ɗan fari ne, ina kunyarsa. Uwar mijina ke riƙe shi yini, nono kawai nake ba shi. Zai san ni kuwa?

Amsa: Zai san ki. Yaro na iya shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya. Wani nazari kan jariran Hausawa da aka wallafa a 1977 ya samu haka a gidajen da hannaye da yawa ke reno, sai dai kowane yaro yana da wadda ya fi nema idan ya tsorata, galibi wadda ta fi ɗaukarsa. Kunya ai ta gaban mutane ce. A ɗaki, lokacin shayarwa, ki kalli idonsa, ki yi masa magana da laƙabinsa, in ya yi gwaranci ki amsa. Wurare biyu ne ban yarda kunya ta shiga ba: jinkirta nono don akwai baƙi, alhali jariri na sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana, da yin shiru idan kin ga jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono.

Tambaya daga Ɗambatta: Jaririyata kwana 40, an ce in bar ta ta yi kuka kada ta saba da hannu.

Amsa: Ɗauke ta. Jaririn da bai kai wata 6 ba bai san rigima ba. Kuka yakan kai ƙololuwa wajen mako 6, ya ragu a wata 3 zuwa 4. In ya ishe ki, miƙa wa wata ko ki kwantar da ita rigingine ki sha iska. Kada a jijjiga ta da ƙarfi, yana jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma ba jiƙo, ba maganin barci.

Tambaya daga wata mai jego a Kazaure: Wata 2 da haihuwa, ba na jin son yaron a raina, kuka kawai nake yi. Ina tsoron faɗa.

Amsa: Baiwar Allah, ba mugunta ba ce, ba kuma raunin imani ba. Ƙuncin kwanakin farko yakan wuce cikin mako 2. Wanda ya zarce haka, da rashin barci ko da yaro ya yi barci, da ƙin abinci, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani, har da irin wanda mai shayarwa ke sha. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a cikin makon nan, a auna jininki ma, don ƙarancinsa na ƙara kasala. A samu mace guda tsayayya ta taya ki reno, ke kuma ki riƙa ɗora shi a ƙirjinki fata da fata ko da ba ki ji komai ba tukuna. Idan kin fara jin muryoyi, ko tunanin cutar da kanki ko yaron ya zo miki, kada a bar ki ke kaɗai da shi, a kai ki babban asibiti a ranar.