Zogale da habbatus sauda ga yaro mai ciwon sikila

Malama, kin tambaya ko za ki iya haɗa wa ɗanki mai sikila zogale da habbatus sauda da maganin asibiti. Zogale a miya ko kwaɗo abinci ne mai kyau, amma babu ganye ko mai da ke sauya halittar jinin da yaro ya gada, saboda haka kada a dakatar da folik asid (ƙwayar da ke taimaka wa jiki samar da jini), rigakafin maleriya ko hydroxyurea (maganin da ke rage yawan tashin ciwon sikila) idan likita ya rubuta.

Abin da ya fi taimakawa a Sakkwato shi ne yawan shan ruwa lokacin bazara, domin ƙarancin ruwa a jiki yana sa jinin ya toshe ƙananan jijiyoyi, sai kuma suturar ɗumi da hunturu. Gashi da ruwan ɗumi da tausa a hankali suna rage ciwon gaɓoɓi. A guji ƙanƙara, ƙaho da tsaga, kuma kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma.

Duk wani jiƙo, ki nuna wa likitansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya sha. Idan zazzaɓi ya kai digiri 38, a tafi asibiti nan take. Allah ya ba shi lafiya.