Wace ƙaramar na'urar hangen nesa ce ta dace da kallon taurari a tsakar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sha'awar kallon wata da taurari da daddare a tsakar gida, ni da yarana. Na taɓa aron wata babbar na'urar hangen nesa, amma nauyinta da wahalar haɗa ta suka sa na mayar wa mai ita. Yanzu ƙarama nake nema, wadda zan iya ɗauka ni kaɗai. Na ga wata an rubuta a kwalinta cewa tana ƙara girman abu sau 500. Ita zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan mai sau 500 ɗin ka bar ta inda ka gan ta. Abin da za ka fara dubawa a jikin kowace na'ura shi ne faɗin bakinta, wato faɗin gilashi ko madubin da ke tara haske, kuma da milimita ake rubuta shi. Ƙwayar idon mutum idan ta buɗe sosai a cikin duhu ba ta wuce kimanin milimita 7 ba. Na'ura mai baki milimita 70 ta ninka wannan faɗin sau goma, hasken da take tarawa kuwa ninki ɗari ne. Wannan hasken shi ke fito maka da abin da ido ba ya gani.

Ƙara girma kuma yana da iyaka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ninka faɗin bakin sau biyu: mai milimita 70 tana tsayawa wajen sau 140. Idan ka matsa mata fiye da haka, abin da kake kallo zai girma amma ya dushe. Galileo ya ga manyan watanni huɗu na duniyar Mushtari a 1610 da na'urar da ƙarfinta bai wuce kimanin sau 20 ba.

A cikin ƙanana, akwai mai gilashi a gaba, wadda bakinta kan kama daga milimita 70 zuwa 90. Ba ta buƙatar gyaran saiti, ka fito da ita ka leƙa kawai, sai dai masu araha daga cikinta kan nuna ɗan launin shuɗi a gefen abu mai haske sosai. Akwai irin da Dmitri Maksutov ya ƙirƙiro a 1941, mai haɗa gilashi da madubi. Gajeriya ce, mai milimita 90 ko 102 tana shiga jakar goyo, kuma gwana ce wajen wata da duniyoyi. Matsalarta ita ce ɗan ƙaramin yanki na sama take nunawa, don haka sabon shiga kan sha wahalar laluben abin da yake nema.

Ni dai, tunda da yara za ka yi kallon kuma a gida za ka zauna, wadda zan nuna maka ita ce mai madubi irin ta Isaac Newton, mai baki milimita 130, a kan mazaunin katako da ake ɗorawa bisa tebur. Irin wannan mazaunin John Dobson ne ya yaɗa shi a Amurka. Nauyinta duka kimanin kilo 6 ne, ɗauka ɗaya ka fito da ita. Da hannu ake juya ta, sama da ƙasa, dama da hagu, yaro ma zai iya. Lokaci zuwa lokaci za ka daidaita madubanta, aikin 'yan mintuna ne idan ka saba. Tsawon tafiyar haskenta, wato nisan da ke tsakanin babban madubin da inda hasken ke haɗuwa, yawanci milimita 650 ne. Idan ka raba shi da lambar da ke jikin gilashin leƙawa, ka sami ƙarfinta. Mai lamba 25 zai ba ka sau 26, mai lamba 10 kuma sau 65, wanda ya isa ka ga zoben duniyar Zuhal sarai.

Batun mazauni ina so ka riƙe shi da kyau, domin a nan ne yawancin ƙananan na'urori ke kunyata masu su. Duk girgizar da ƙafafun mazaunin suka yi, na'urar za ta ninka ta kamar yadda take ninka girman wata. Ga shi kuma duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka abin da kake kallo yana sulalewa daga idonka, dole ka riƙa bin sa a hankali. Idan mazaunin na rawa, duk taɓawa sai abin ya ɓace. Kafin ka biya kuɗi, ka saita na'urar kan wani abu mai nisa, ka ɗan ƙwanƙwasa jikinta da yatsa. Idan rawar ba ta tsaya cikin daƙiƙa biyu ko uku ba, ka nemi wata. Mai zama kan tebur ma haka take, tana son tebur mai nauyi da ba ya motsi.

Kada ka sa ran ganin launuka irin na hotunan intanet, waɗancan an daɗe ana tara musu haske ne da kyamara. Amma ramuka da duwatsun wata za su fito maka ƙarara, musamman a daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin da inuwa ke kwance a iyakar haske da duhu. A daren sha huɗu haske kan shafe su. Za ka ga Zahra tana raguwa tana cika kamar ƙaramin wata, ka ga Kaza da 'Ya'yanta sun zama taurari barjat. Ka fitar da na'urar kamar rabin awa kafin ka fara, domin madubin ya daidaita da sanyin waje, idonka ma ya saba da duhu.

Tunda akwai yara a gidan, ka ja musu kunne sosai: ba a kallon rana da wannan na'ura, ko na ƙiftawar ido, domin tana iya makantar da mutum nan take. Idan ka tarar da ɗan baƙin gilashi a cikin kwalin wanda aka ce a ɗaura a wajen leƙawa don kallon rana, ka jefar da shi, zafi na iya fasa shi ido na kai. Da gari ya waye kuma ka rufe bakin na'urar, ka ajiye ta inda hannunsu ba zai kai ba.