Kafin a Sayi Kyamara, a Tafa Hannu a Ɗakin

Tambayoyin wannan makon duk a kan abu ɗaya suka haɗu: yadda mutum zai gyara ɗaki a gidansa don shirin kai-tsaye, wanda yanzu kowa ke cewa laif. Na ɗauki huɗu, duk daga nan Jos.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Anguwan Rogo. Ta ce: "Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai ta Facebook da TikTok. Na tara naira 200,000 don gyara ɗakin da nake laif. Wani mai shago a Taminus ya ce kyamara zan saya. Masu saye kuwa kukansu biyu: ba sa ji na sosai, kuma idan kaya ya isa sai su ce ba kalar da suka gani ba ke nan. Me zan fara saya?"

Hajiya, mai shago kasuwarsa yake ci, ba na ganin laifinsa. Amma cikin ƙorafi biyun nan babu wanda kyamara za ta magance. Ki rufe ƙofa, ki tsaya a tsakiyar ɗakin, ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In kin ji ƙarar ta yi wutsiya, tana zagaya bango kafin ta mutu, to ga ɓarawon muryarki nan. Tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashin taga, dukkansu mayar da sauti suke yi, sai muryar ta iso waya sau biyu sau uku, mai kallo ya ji kamar daga cikin rijiya kike magana. Mutum zai iya haƙuri da hoto mai ɗan hazo na tsawon awa guda. Murya mai amsa-kuwwa kuwa, minti biyu ya wuce gaba.

Maganin yana gidanki. Mu mutanen Jos Allah ya hore mana abin da masu situdiyo a wasu garuruwa ke nema da kuɗi: bargo. Gidan da ya san sanyin Disamba ba ya rasa bargo biyu ko uku. Ki shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri, ki rataya bargo a bangon da kike fuskanta, ki sa labule mai nauyi a taga. In babu, 'yan gwanjon kasuwar Katako suna da labule masu kauri. Ke ma sana'arki ta taimake ki, don turamen atamfar da za ki jera a kanta a bayanki suna shanye sauti, ga su kuma su ne adon shirin. Ki sake tafawa bayan kin gama, kunnenki zai ba ki labari.

Sai makirfo. Ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga ya ishe ki. Mai waya irin Boya BY-M1 yana da araha kuma ba ya yankewa, sai dai ke mai tashi ce ki ɗauko wannan ki warware wancan, igiya za ta riƙa harɗe ki, don haka marar waya ya fi miki. Ki tafi shagon da wayarki, a jona, ki yi magana, ki saurara kafin ki biya, saboda bakin caji ya bambanta kuma jabu ya yi yawa. Ki maƙala shi a saman mayafi. In ya shige ƙarƙashi, gogar yadi kawai za a riƙa ji.

Batun kala shi ne wanda ya fi cin kuɗinki, tunda shi ke sa a dawo da kaya. Laifin fitila ne. Ƙwan ɗaki mai ɗorawa-ɗorawa yana mayar da shuɗi ya koma kore-kore, fari ya koma ruwan madara. In kuma aka haɗa shi da hasken taga, waya ta rikice, ta zaɓi kalar da ta ga dama. Ki kashe ƙwan ɗakin gaba ɗaya, ki yi aiki da haske iri ɗaya. A jikin kwalin fitila ki nemi lamba biyu: 5600K, wato farin haske irin na rana, da CRI 95 ko sama, wanda ke nuna fitilar tana fito da kala yadda take. Fitilar zobe da kowa ke saya don fuska aka yi ta. Turmi mai yadi shida in kin warware shi, tsakiyarsa kawai za ta haska, gefe ya yi duhu. Ki sayi fitila biyu masu rumfar yadi a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, sama da kanki kaɗan. In da rana kike shiri, ki fuskanci taga, kada ki ba ta baya, in ba haka ba inuwarki kawai za a gani. Sannan ki kashe abin gyaran fuskar nan na manhaja. Yadda yake wanke fata haka yake wanke leshi.

Wayarki ta yanzu ki ɗora ta a kan mariƙi mai ƙafa uku, ki yi amfani da kyamarar baya don ta fi ta gaba kyau, ki ajiye wata tsohuwar waya a gefe kina karanta saƙonnin masu saye. Abin da ya rage na kuɗin ki raba shi tsakanin batir da data, ragowar ki ƙara jari. Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma zan faɗa: kafin ki danna, ki leƙa abin da ke bayanki. Hoton iyali, rigar makarantar yara mai bajo, tagar da ke nuna layinku, duk a kawar. Laif ba ya da gyara, abin da ya fita ya fita.

Na biyu wani matashi ne daga Bukuru, mai shirin hira kan ƙwallo. Ya ce ɗakinsa rufin kwano ne, da damina ba a jin komai sai ruwa. Abokansa sun ce ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, kuma ya ga wani makirfo BM-800 da ake haɗawa da akwatin sauti V8, yana son ya saya.

Ƙanena, bar kiret ɗin nan wa masu kaji. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai kashe amsa-kuwwar cikin ɗaki, wanda abu mai laushi ke yi. Akwai hana ƙarar waje shigowa, wanda sai abu mai nauyi da toshe kafa. Kiret bai da nauyi, bai da laushin kirki, sai tara kyankyaso da saurin kama wuta. Ko soson situdiyo mai tsada ba ya tare ruwan Agusta a kan kwano, balle ranar da aka yi ƙanƙara irin tamu. In gidan naku ne, a yi silin a shimfiɗa abu mai kauri a samansa, a toshe ƙasan ƙofa da gefen taga. In haya ce, kada ka kashe wa mai gida kuɗinka. Nemi ɗakin da ya fi nisa da titi, ko ka koma ƙasan bene in akwai.

Makirfon da ka gani kuma ba naka ba ne. Irinsa kondensa ake ce masa, kunnensa ya cika kaifi: zai ɗauko ruwa, ya ɗauko janaretan maƙwabta, ya ɗauko Keke Napep da ya wuce. Ɗaki mai shiru aka yi wa shi. Kai dainamik za ka nema, irin wanda ladan ke riƙewa a masallaci, mai jin abin da ke bakinsa kawai. Samson Q2U misali ne mai kyau, yana shiga kwamfuta kai-tsaye ta USB ba sai da wani akwati ba. Sirrin kuma kusanci ne. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo da rabi, muryarka na ƙaruwa da kusan desibel 6, ruwan kuwa yana nan yadda yake. Yatsa huɗu tsakaninku ya isa. Ka sa abin ji a kunne kana sauraron kanka, don kada ka gama sharhin wasa guda sannan a ce maka tun farko ba a ji.

Na uku malami ne daga Gangare da ke karantar da littafi bayan Isha'i, ɗalibai na nesa suna bi ta YouTube. Ya ce karatu na tsaka sai hoto ya tsaya, ko a ɗauke wuta, alhali sandunan sabis a cike suke. Yana tambaya ko Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan Adam, ce mafita.

Allah ya gafarta Malam, sandunan nan ba su ke faɗin gaskiya ba. Kallon bidiyo saukewa ne, laif kuwa turawa ne, kuma layukan waya sun fi ƙarfi a saukewa. Ku sa wani ɗalibi ya buɗe Speedtest, manhajar gwada gudun intanet, a ɗakin karatun, a daidai lokacin da kuke zama, ya duba lamba ta biyu, ta turawa. A gwada MTN, Airtel da Glo, kwana uku a jere. Garinmu duwatsu ne, layin da ke gudu a Rayfield yana iya rarrafe a Gangare, har ma tsakanin taga da taga a gida ɗaya. Bayan Isha'i kuma lokacin cunkoso ne, kowa ya dawo gida ya kama waya.

Hoto mai 720p, wato matsakaicin kyau, yana son kamar megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma ana so layin ya ba da ninkin haka don a sami sarari. Karatu ba wasan ƙwallo ba ne, Malam zaune yake, 720p ta wadatar. A lissafi, megabit 4 na awa ɗaya yana cin giga 1.8. Zama 30 na watan azumi, awa ɗaya-ɗaya, giga 54 ke nan, sai a sayi data da wannan a rai, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Layin da ya ci gwaji a sa shi a MiFi, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa layi ta raba Wi-Fi, a ajiye a taga, wayar da ke ɗauka kuma a sa ta a yanayin jirgin sama a kunna Wi-Fi kaɗai. Kiran waya ɗaya yana iya tsinka karatu. A cire wa wayar riga kuma, don zafi na sa ta rage gudu.

Starlink ta shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma tana aiki. Amma ga kuɗin kayan, ga na wata-wata, ga ta da cin wuta fiye da MiFi nesa ba kusa ba, ruwa mai ƙarfi kuma yana raunana ta. In masallaci ko makaranta za su haɗa hannu, to. Don karatun awa ɗaya a ɗaki, a fara da gwajin da na faɗa.

Wuta kuwa, a shirya kamar kamfanin wutar Jos, JED, ba zai kawo ba. Fitila biyu masu wat 30, da waya, da MiFi, duka ba su wuce wat 75 ba. Zaman awa biyu wat-awa 150 ke nan. Akwatin batir mai 300Wh, wato wat-awa 300, zai ɗauka har da saura, kuma a jona komai a kansa tun farko ko da akwai wuta, don in an ɗauke kada ko ƙiftawa a gani. Fawa bank mai 20,000mAh wajen 74Wh yake, ya ishi waya da MiFi, ban da fitila. In dole sai janareta, a kai shi waje can nesa da taga. Ƙararsa ce ƙaramar matsala, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a ɗaki rufe. Da an fara tsawa kuma a zare komai daga soket, aradun Filato ba ta wasa. Ga wanda zai buɗe sabuwar tasha: YouTube na iya ɗaukar awa 24 kafin ta buɗe laif karon farko, kuma ta waya sai da mabiya 50. Kada a bari sai daren ɗaya ga Ramadan.

Ta ƙarshe ɗaliba ce a Jami'ar Jos. Tana da laftof, tana so ta sayi koren yadi don canza bayanta, kuma ta ce wasu layuka na yawo a hotonta.

Ƙanwata, koren yadi sai an haska shi daidai ko'ina, babu lanƙwasa babu inuwa, in ba haka ba gefen ɗankwalinki zai riƙa narkewa. Bango mai tsabta da kantar littattafai sun fi shi. Ki matso gaba kamar taku biyu daga bangon. Manhajar OBS Studio, wadda ake yin laif da ita a laftof, kyauta ce, kada wani ya sayar miki. Layukan kuma daga wuta ne: tamu a Najeriya 50Hz take, kyamarori da yawa kuwa suna zuwa a saite da 60Hz na Amurka. Ki shiga saitin kyamarar a OBS ki mayar da shi 50, ki sa ta riƙa ɗaukar hoto 25 a kowace daƙiƙa. In layukan ba su tafi ba, ƙwan ne marar kyau, ki canza shi.