Dole ne sai mari ya zama na gaske kafin a yi dariya?

Tambaya: Malam, mu huɗu ne muke ɗaukar gajerun bidiyon barkwanci da waya. Makon jiya muka yi na ramuwar gayya, aka ɗauke ɗayanmu da mari a kunne, har yau kunnen yana ƙugi, ba ya ji sosai. Wani da ya riga mu shiga harkar ya ce haka Turawan dā suke yi, da gaske suke dukan juna. Gaskiya ne? Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ku kai shi wurin likitan kunne yau ɗin nan. Tafin hannu idan ya rufe kunne yana matse iska a ciki, tana iya fasa dodon kunne. Kada a ɗiga masa mai ko ruwa.

Wanda ya faɗa muku haka bai san sana'ar ba, kuma wannan magana ta ishe ni, kullum sai an zo mini da ita. Sunan salon ma, wato slapstick, barkwancin mari da faɗuwa, ya ƙaryata shi. Ya samo asali ne daga wata sanda ta 'yan wasan daɓe na Italiya, siraran katako biyu a haɗe: ka taɓa mutum a hankali, katakon ya bugi ɗan'uwansa ya ba da ƙara kamar an tsaga shi. Ƙara ake so ta kai ga mai kallo, jikin ɗan wasa yana nan lafiya.

Haka ake yin mari har gobe. Kyamara tana bayan kafaɗar ɗayan, hannu ya wuce tazarar taƙi guda daga fuska, wanda aka mara ya juya kai daidai lokacin, sai a sa ƙarar wajen tacewa. Nauyin marin duk yana wuyan wanda ya karɓa. 'Yan Three Stooges, tsoffin 'yan barkwancin finafinan Amurka, da kake ganin suna tsokale ido, a saman gira yatsun suke sauka. Kujerar da ake fasawa a kai ta katakon balsa ce mara nauyi, kwalba kuma ta sukari ce da aka dafa. Gudu da faɗuwa kuwa, rage saurin juya kyamara suke yi lokacin ɗauka, idan an haska sai komai ya ƙara sauri. Ku ma ku yi motsin a hankali, ku ƙara masa sauri kaɗan a manhajar tacewa.

E, 'yan barkwancin finafinan dā sun ji rauni, amma haɗari ne da kuskure. A 1919 wani bam da aka ɗauka na wasa ne ya fashe a hannun Harold Lloyd, ya rasa babban yatsa da manuni na hannun dama. Buster Keaton ya tsage ƙashin wuya a 1924 da ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi da ƙasa, bai ma sani ba sai bayan shekaru. Wannan mutum tun yana ɗan yaro yake koyon faɗuwa a kan daɓe tare da iyayensa. Abokinku yaushe ya koya? Su masu cewa “ka daure, za mu samu mabiya”, ranar asibiti ba ka ganin ƙeyarsu.

Ita ramuwar, dariyarta tana cikin jira. Ku kalli fim ɗin Big Business na 'yan barkwanci Laurel da Hardy, na 1929. Sun je tallar bishiyar Kirsimeti gidan wani mutum (James Finlayson ne ya fito a matsayinsa), gardama ta kai ya datse musu bishiyar. Su kuma suka fara da ƙofarsa. Ya koma kan motarsu, suka koma kan tagogi, har piyano sai da aka farfasa. Lura da kyau: wanda ake yi wa ɓarna ba ya hanawa. Tsayawa yake ya zuba ido, ya dubi asarar, ya gyara tsayuwa, sannan ya taka a nutse ya rama. Wannan shirun shi ne ke tara dariya, kuma kusan duk ɓarnar a kan kaya take.

Saboda haka ku rubuta matakan tun kafin ɗauka, kowanne ya ɗara na baya kaɗan: hula, sai aljihun riga, sai tiren kayan talla, babba a ƙarshe. Idan kun fara da babba, ba ku da inda za ku hau. Ku maimaita kowane motsi a rabin sauri har ya zauna, kuma ku tsayar da kalma ɗaya wadda duk wanda ya furta ta, a dakata nan take.