Amsa ga 'Yata Kan Kanumfari da Ciwon Haƙorin Yaro

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji tambayarki game da ɗanki mai shekara 6 da ciwon haƙori ke hana shi barci, ko ya dace ki sa masa kanumfari kamar yadda kakarki take yi mana. Allah Ya ba shi lafiya.

Iyayenmu ba su yi kuskure ba a kan kanumfari, domin mansa yana kashe zafin jijiya na ɗan lokaci, har likitocin haƙori ma suna amfani da shi. Ki daka ƙwaya ɗaya, ki kwaɓa da ɗigon man zaitun, ki ɗora kaɗan a kan haƙorin da auduga. Idan yaron ya iya tofarwa, ya kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri, sannan ki ba shi farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa.

Sai dai zafin kawai yake kwantawa, ramin da ke cikin haƙorin yana nan. Mutanenmu suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori, shi ya sa wasu ke yi wa yaro turare da hayaki don a fitar da ita, alhali babu tsutsa ko ɗaya a ciki. Ƙwayoyin cuta ne suke mayar da sukarin alewa da lemon kwalba tsami, tsamin kuma ya riƙa cinye haƙorin a hankali. Kada kuma ki yarda da masu cewa ai haƙorin nono ne, zai faɗi da kansa, domin a daidai shekarun ɗanki ne turmin farko na dindindin yake fitowa can ƙuryar baki, shi kuwa ba shi da magaji.

Ban yarda a cusa masa taba gari ko ruwan batir ko asfirin a dasashi ba, duk ƙona nama suke yi, asfirin kuma ba na yara ba ne. Ki guji ruwan maganin da ba likita ya rubuta ba. A ƙarshen 2008 maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya lalata ƙodar yara, fiye da 80 suka rasu a Najeriya, har da Zariya.

Ki kai shi wurin likitan haƙori cikin makon nan. In kuwa kumatunsa ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko ya kasa haɗiye abinci, to ranar nan za ki kai shi, ko da dare ne. Ki gaishe mini da maigidanki.