Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Kafin Ka Sauka Daga Jirgin Ruwa a Kudancin Amurka

Yawancin tambayoyin wannan makon sun taru a kan tafiya guda: doguwar tafiyar yawon buɗe ido ta jirgin ruwa wadda ke tashi daga Riyo ko Buenos Aires, ta gangara Montevideo da Puerto Madryn, ta kewaye ƙuryar Cape Horn, sannan ta haura gaɓar Cile har Lima, babban birnin Peru. Daga Disamba zuwa Maris ake yin ta, lokacin zafinsu. A cikin jirgi akwai ƙaramin asibiti, akwai lif, abinci kuma a kan kari. Ranakun da ake sauka gari su ne ke gwada jiki, ga shi kuma tun a gida ake zaɓen wuraren zuwa a biya kuɗi, sau da yawa da hoto kaɗai aka yi shawara.

Tambaya: Likita, shekarata 67, ina da hawan jini amma ina shan magani. 'Yarmu da ke aiki a Ingila ce ta biya mana tafiyar ni da uwargida. A jerin wuraren akwai fita ta kwana 3 daga Lima zuwa Machu Picchu. Uwargida AS ce. Mu yi rajista? (Wani Alhaji daga Kaduna)

Amsa: Alhaji, Allah Ya yi wa wannan 'ya albarka. Da wannan fita na fara domin ta fi duk sauran buƙatar tunani. Machu Picchu, kufan tsohon gari a kan duwatsun Peru, ita kanta tana bisa mita 2,430, amma hanyar zuwa ta birnin Cusco take bi, shi kuwa mita 3,400 ne. Jos da muke cewa tudu ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. Kun yi makonni kuna kwana a kan teku, sai jirgin sama ya ɗauke ku daga Lima, cikin awa ɗaya da rabi ya dire ku inda kowane numfashi bai fi kashi biyu cikin uku na oksijin ɗin da jiki ya saba ba. Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci sukan taso bayan awa 6 zuwa 12, kuma ƙarfin jiki ba ya hana su. Matasa masu motsa jiki ma suna kwantawa.

A wajenka, idan hawan jinin yana kwance kuma ba ka da ciwon ƙirji, ko kumburin ƙafa, ko haki in ka hau bene, to ba shi zai hana ka ba. Tafi da na'urar awo, don yakan ɗan ɗaga a can. Ka nemi likitanka ya duba zuciyarka kafin tafiya, ku tattauna batun acetazolamide, ƙwayar da ake fara sha kwana ɗaya kafin hawa.

Hajiya ce ta fi ɗaukar hankalina. Mun saba cewa mai AS lafiyarsa ƙalau, kuma a ƙasa haka ne. Amma a tudu mai tsawon Cusco, jini na iya toshewa a saifa, kuma likitocin Peru sun sha ganin haka a jikin baƙi waɗanda wasunsu ba su ma san suna ɗauke da ƙwayar sikila ba. Yawancin masu AS suna zuwa su dawo lafiya, amma ku riƙe alamar: ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. In ya zo, asibiti nan take, a gaya musu AS ce, a ba ta oksijin da ruwa, a sauko da ita. Acetazolamide ba ya kare saifa, hasali ma yana sa yawan fitsari, rashin ruwa a jiki kuwa shi ne ke ƙara haɗarin. Mai SS ko SC kam, kada ya soma.

Idan kun yanke za ku, ku tambayi masu shirya fitar inda za a kwana daren farko. Wanda ke sauko da ku kai tsaye zuwa kwarin Urubamba, wajen mita 2,800 zuwa 2,900, ya bar Cusco sai ƙarshe, ya fi wanda zai kwantar da ku a Cusco ranar isowa. Ni dai da Hajiya yayata ce, da na ce ta zauna a Lima ta sha iskar teku, kai ka kawo mata hotuna.

Tambaya: An yi mini allurar shawara tun 2009 da zan je aikin Hajji. Jirginmu zai shiga kogin Amazon har Manaus. Sai na sake? Maganin maleriya fa, mu da muka tashi cikin sauro? (Wani mai karatu ɗan Sakkwato mazaunin Jamus)

Amsa: Malam, ba sai ka sake ba. Tun 11 ga Yuli 2016 dokar lafiya ta duniya ta mai da allura ɗaya ta zama ta har abada, ko da katin ya rubuta shekara 10. Abin da za ka duba shi ne katin kansa, don Najeriya ta koma sabon kati mai lambar kwamfuta a 2019. Wanda bai taɓa yi ba ya yi aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kafin nan takardar ba ta aiki. Wanda ya haura 60 kuma karon farko ne, ya zauna da likita tukuna, domin munanan illolin allurar, duk da ba su da yawa, sun fi samun tsofaffi. Kada kuma a ɗauka Amazon kaɗai ce: ɓarkewar cutar ta 2016 zuwa 2018 a Birazil ta kai jihohin Sao Paulo da Riyo, kuma ana ba da shawarar allurar ga mai zuwa magangarar ruwan Iguazu.

Sabo da sauro kuwa, wanda ya yi shekaru a Jamus ya bar wannan garkuwa a baya. Maleriyar Amazon yawanci nau'in vivax ce, wadda yawancinmu 'yan Afirka ta Yamma muke da ɗan tsarin gado daga gare ta, sai dai tsarin ba cikakke ba ne, kuma falciparum da muka sani ita ma tana can. Idan da rana za ka zaga Manaus ka koma jirgi ka kwana cikin sanyin na'ura, haɗarin kaɗan ne. Idan ka zaɓi kwana a masaukin daji ko fitar dare ta kallon kadoji, to ka karɓi ƙwayar rigakafi. Ka san matsayinka na G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, tun yanzu, don ƙarancinsa ya yawaita a cikinmu, kuma primaquine da ake kashe vivax da shi a hanta yana farfasa jinin mai wannan ƙaranci.

Wanda ya fi kusa da kai shi ne zazzaɓin dengi. Birazil ta ƙirga sama da mutum miliyan 6 a 2024. Sauronsa da rana yake cizo, a tsakiyar birni, daidai lokacin da kake yawo. Riga mai dogon hannu da man korar sauro mai DEET su ne maganin. In zazzaɓi ya kama ka, farasitamol kawai; asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini a dengi.

Tambaya: Ina fama da ciwon gwiwa da ƙugu, amma burina in ga tsuntsayen fengwin da idona. Wace fita ce za ta yi mini? (Wata Hajiya daga Zinder)

Amsa: Hajiya, za ki gan su in sha Allahu, amma ki zaɓa da gwiwarki. Hoton da ya fi jan mutane na Volunteer Point ne a tsibirin Falkland, inda manyan fengwin suke. Daga Stanley, babban garin tsibirin, tafiyar awa biyu da wani abu ce zuwa, haka dawowa, kuma wani ɓangaren ba hanya ko kaɗan, mota ce ke ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasa tana jijjiga. Mai ciwon ƙugu zai yi kwanaki yana biyan bashin wannan rana. Ƙari a kan haka, manyan jirage ba sa matsawa gaɓa a Stanley. Ƙaramin jirgi ne ke jigilar mutane, kuma taka ƙafa cikinsa yana rawa a kan ruwa shi ne inda ake yawan faɗuwa. Iska ma takan sa a soke tsayawar gaba ɗaya.

Punta Tombo daga Puerto Madryn kusan kilomita 180 ce a bas, sannan tattaki kimanin kilomita 3 a kan tsakuwa da katako. Wadda na fi so miki ita ce ta Ushuaia, a ƙuryar kudancin Ajantina: jirgin ruwa mai rufi a mashigin Beagle, kina zaune ya kai ki gaban tsibirin Martillo ki kalle su. Ki riƙe sanda, ki sa takalmi mai kama ƙasa.

Zafin can suna ne kawai. A Ushuaia ma'auni yakan tsaya wajen digiri 10 a tsakiyar Janairu, ga iska mai ratsa ƙashi, don haka a sa kaya bisa kaya da hula. Rana kuma tana ƙona fata da ido ko ana sanyi, baƙar fata ba ta hana, sai a sa tabarau da man kariya. Kada ki taɓa tsuntsu ko dabbar ruwa, mai rai ko matacciya, domin murar tsuntsaye ta hallaka dubbansu a gaɓar Ajantina a 2023.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina allurar insulin da ƙwayar glibenclamide. Tafiyar za ta faɗo cikin azumi. Yaya zan yi ranakun fita? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: Alhaji, shawarata ta likita ita ce kada ka yi azumi a wannan tafiya. Kai matafiyi ne kuma marar lafiya, rangwamen da ke cikin Suratul Baƙara ya same ka ta fuska biyu. Bayanin ramuwa sai ka nema wajen malaminka. A kudancin can yini yana da tsawo, a Ushuaia yakan kai awa 17 a Disamba, wajen 15 a farkon Fabrairu. Insulin da glibenclamide da doguwar tafiyar ƙasa ba abinci, faɗuwar suga ke nan, kuma tana iya samunka a bas, awa biyu daga asibiti.

Ga wani tarko da mutane ba su sani ba. Cile tana da tsauri ƙwarai kan shigo da abinci: 'ya'yan itace, nama, zuma, iri, duk jami'an gona suna bincika jaka a bakin tasha, suna kuma cin tara. Ayabar da ka ɗauko daga teburin karin kumallo ko ƙullin dabinonka na iya tsayawa a nan. Ka riƙe ƙwayoyin gulukos da biskit a ledarsa ta kamfani, ka kuma bayyana duk abin ci da ke jakarka.

Duk ranar da za ka sauka, ka ɗauki maganin kwana 3, da na'urar gwaji, da takardar likita, da kwafin fasfo. Jirgi yana jiran bas ɗin da kamfaninsa ya shirya in ya makara, amma ba ya jiran wanda ya ɗauki tasi da kansa, kuma tasha ta gaba tana iya zama wata ƙasa. Insulin ba ya son rana, ba ya son daskarewa. Agogon Ajantina yana bayan namu da awa 4, na Peru da awa 6, don haka ku tsara lokutan allura da likitanka kafin tashi. Inshorar da za ka saya kuma ta ƙunshi ɗauke marar lafiya da jirgin sama, ka faɗa musu ciwon sugan tun farko. Asibitin jirgi na kuɗi ne, kuma daga wuri irin Stanley ana ɗaukar masu tsanani zuwa Cile ko Urugwai.

Tambaya: Ina da ciki wata 3, lokacin tafiyar zai kai wata 6. (Wata 'yar'uwa daga Kumasi)

Amsa: 'Yar'uwa, ki ɗage. Yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako 24 kafin a sauka, don ba su da kayan rainon bakwaini. Ga cutar Zika, wadda ta bar jarirai da ƙaramin kai a arewa maso gabashin Birazil a 2015 da 2016, kuma ba ta ƙare ba. Idan maigida zai tafi, ku yi amfani da kwaroron roba har ki haihu. Allah Ya sauke ki lafiya.

Tambaya: Cikina ba ya son baƙon abinci, amma ba na so in je Salvador in dawo ban ɗanɗani komai ba. (Wani malamin jami'a daga Zariya)

Amsa: Malam, Salvador ta cancanci ka sauka. Hausawan da aka kai bauta Bahia, jihar Birazil da Salvador take ciki, sun jagoranci yunƙurin tawaye a 1807 da 1814, suna kuma cikin boren Musulmi na Janairun 1835. A bakin titi za ka tarar da mata cikin fararen kaya suna tuya acarajé, ƙosai ne na wake da ake soyawa da manja. Wanda aka tsamo daga mai a gabanka ba shi da matsala. Haɗin da ake cusa masa a ciki, da ɗanyen tumatir da jatan lande da suka wuni a buɗe, su ne ke ɓata ciki. Feijoada kuwa, dafaffen waken Birazil, da naman alade ake dafa ta.

A Lima za a yi ta tallata maka ceviche. Ɗanyen kifi ne da aka jiƙa da lemun tsami, kuma tsami ba ya kashe ƙwayoyin cuta kamar wuta. A Belem da Manaus ka guji ruwan 'ya'yan itacen açaí da ruwan rake na bakin hanya, don ta nan ake kamuwa da cutar Chagas. Shayin ganyen koka da ake miƙa wa baƙi a Cusco yana iya fitowa a gwajin fitsari a matsayin hodar iblis, kuma kada ka sako ko ƙulli ɗaya a jaka zuwa gida. Ka yi allurar taifod da ta ciwon hanta nau'in A makonni kafin tafiya, ka tafi da ƙullin gishiri da sukari na gudawa.

Amai da gudawar da ke yaɗuwa a cikin jirgi yawanci norovirus ce, kuma man goge hannu ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa, duk dawowa daga gari da kafin cin abinci. In ta kama ka, ka sanar da asibitin jirgi ranar da ta fara. Za su ce ka zauna a ɗaki kwana ɗaya ko biyu bayan ta tsaya, don haka ka tambayi kamfanin tun wajen biya ko suna mayar da kuɗin fitar da ta wuce ka saboda haka.