Wane sharhi zan riƙe bayan na sauke Risala?

Ɗan'uwa, ka ce ka sauke Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a zauren malaminku nan Maraɗi, kana tambayar ko ka faɗa Muhtasar na Shaihu Halilu kai tsaye. Ni dai ban ba ka wannan shawara ba.

Koma kan Risalar da sharhi tukuna. Samaruddani na Shaihu Salihu al-Abi ya fi sauƙi, yana warware kalma da kalma. In ka ƙoshi, ka ɗauki Kifayatuɗ Ɗalibi tare da hashiyar Adawi, a nan za ka fara gane inda malaman Malikiyya suka saɓa da abin da ya zama mashhuri. Fawakihud Dawani na Nafarawi ya fi su zurfi.

Sannan ka shiga littafin Askari. Sharhinsa, As'halul Madariki, na Shaihu Abubakar al-Kashnawi ne, Bakatsine, namu ne na gida.

Shi kuwa Halilu, maganarsa dunƙule take ƙwarai, kalma guda kan ɗauki hukunci sukutum. Ba a shigarsa sai da Jawahirul Iklili ko Sharhul Kabir na Dardiri, kuma a gaban malami, don Allah, kana biya yana fassara maka.